Takalman Baba a Kan Katangar Teku

Nichinan, 9 ga Fabrairu

Yaya Shigeharu,

Ina gaishe ka da sanyin nan da ya ƙi tafiya, da fatan kai da matarka Mineko da yara kuna lafiya. Mu nan ƙalau, sai iskar teku da ke shiga har ƙashi.

Na rubuto ne domin in na buga waya surukata tana zaune a gindin wayar kamar an dasa ta, kai kuma ba abin da kake cewa sai "to, to", ina jin muryar talabijin a bayanka. Wannan karon ka zauna ka karanta.

Baba ya dawo daga wurin da asibiti suka tura shi. Ka tuna bayan an sallame shi kan ciwon hanta, wata mai ba da shawara a asibitin, Malama Nagatomo, ta ce akwai wani zaman tunani da ake kira Naikan, wanda ke taimakon masu shan giya. Ni na kai shi da motata, wani tsohon gida ne a kan dutse. Mako guda ya yi, ba waya, ba jarida, ba hira. A kusurwar ɗaki ake zaunar da mutum, a kare shi da shingen takarda, tun safe har faɗuwar rana. Jefi-jefi wani ya zo ya durƙusa, ya sunkuyar da kai har tabarma, ya tambaye shi abin da ya tuna. Yaya, ka taɓa ganin Baba ya zauna wuri ɗaya in ba da kwalba a gabansa ba?

To wanda na ɗauko ba Babanmu ba ne. Giya dai bai taɓa ba tun da ya dawo, na shinshina har kwandon shara. Yana cin abinci, yana barci, ya daina zagin mai karanta hasashen yanayi a rediyo. Na san za ka ce ai abin da muke nema ke nan tun rasuwar Inna bara. Dakata tukuna.

Godiya yake yi. Shekaranjiya ya tare Iya Kuroki mai awara a bakin shagonta, ya cire hula, ya rusuna, ya ce ya gode da awarar da ta daɗe tana ajiye wa gidanmu. Matar nan ludayi ya faɗi daga hannunta. Ta ce, "Ihei, lafiya kuwa? Ko likita ya faɗa maka wani abu ne?" Jiya kuma ya kai wa Yasuo busasshen kifi. Yasuo fa, wanda suka yi shekara da shekaru suna gaba kan wurin ɗaure jirgi! Da na haɗu da shi a bakin ruwa sai ya ja ni gefe ya ce, "Toki, me kuka ba tsohon nan ya sha? Ki sam mini kaɗan in kai wa matata."

Shi dariya yake yi, ni ban ga abin dariya ba. Kana dai ganin abin da ake nunawa a talabijin kan ƙungiyoyin nan. Da shiru da rusunawa suke farawa, daga baya ka ji mutum ya bar gidansa ya bi su. Na zazzage jakar da ya je da ita, ban ga littafi ba, ban ga hoton wani shugaba ba, ko laya babu. Wannan ma ya ƙara tsorata ni, domin masu wayo ba sa barin alama.

Ka bincika mini wurin nan, kai da kake cikin masu ilimi. Ka gaida mutanen gida.

Ƙanwarka,
Tokiko

*

Sakai, 16 ga Fabrairu

Zuwa ga ƙanwata Tokiko,

Bayan gaisuwa mai yawa, wasiƙarki ta iso, na kuma karanta ta a zaune, talabijin a kashe. Ki miƙa gaisuwata ga maigidanki da mahaifiyarsa.

Na yi tambaya. Likitan masana'antarmu ya san hanyar. Ya ce ba addini ba ce, an daɗe ana amfani da ita a wasu asibitoci da gidajen gyara hali, kuma babu wani shugaba da ake bauta wa. Saboda haka ki cire maganar ƙungiya daga ranki.

Abin da ya dame ni daban ne, kuma na yi jinkiri kafin in rubuta shi. Akwai wani abokin aikina mai suna Tabuchi, mutum mai ɗaure fuska kamar Baba. Wata rana ya tashi yana bin mu ɗaya bayan ɗaya yana godiya. Ya share teburinsa, ya ba ni lemarsa, ya ce ta fi tawa kyau. Muka ce ai Tabuchi ya gyaru. Bayan 'yan kwanaki aka sami takalmansa a jere a kan gada. Kin san a ƙasar nan haka mai kashe kansa yake barin takalmansa, ba sai na ƙara ba.

Ki lura ko Baba ya fara rabar da kayansa. Ki ɗauke makullin injin jirginsa.

Akwai wani gidan kula da tsofaffi kusa da mu, mai tsabta, da ma'aikata dare da rana, ƙofarsa kuma a kulle take. Sun ce ɗaki zai samu a ƙarshen Maris. Na ba da sunan Baba, ban gaya masa ba. Na san raba shi da teku ba ƙaramin abu ba ne, amma gara ya yi fushi da mu yana raye.

Ki kula da lafiyarki a wannan sanyin.

Yayanki,
Iwakiri Shigeharu

*

Nichinan, 3 ga Maris

Yaya,

Sanyi ya fara sassautawa, ina fata can ma haka ne. Ka kyauta ƙwarai, ka cire mini tsoro ɗaya ka ɗora mini wanda ya fi shi.

Makullin jirgi yana cikin jakata. Ya neme shi, na ce wataƙila ya faɗa ruwa. Ya kalle ni kawai, ya ce, "To." Baban da na sani da sai maƙwabta sun ji mu.

Ka ce in lura ko yana rabar da kaya. Ya ba Yasuo allurorin gorar nan da yake ɗinke koma da su, waɗanda ko taɓawa ba ya bari mu yi. Sai kuma takalmi. Ka san halinsa, in ya shigo gida sai ya yi wurgi da su, ɗaya gabas ɗaya yamma. Tun rasuwar Inna bakin ƙofar nan ya zama kasuwar 'yan gwanjo. Yanzu duk lokacin da na je sai in tarar da su a jere, kai da kai, suna kallon waje. Da na gan su sai na tuna da Tabuchinka.

Ban yi wata-wata ba na tafi wurin Malama Nagatomo. Ƙaramar mace ce mai furfura, da murya ƙasa-ƙasa, irin waɗanda ba ka sanin abin da ke cikinsu. Ko shayin da ta zuba mini ban taɓa ba, na ce, "Me kuka yi wa ubana?"

Ta ce, "Tambaya uku muka ba shi. Ya ɗauki mutum ɗaya, ya fara da mahaifiyarsa, ya tuna tun yana ƙarami: me na karɓa daga wurinta, me na mayar mata, wace wahala na ba ta. In ya gama da ita ya ɗauki wani."

Na ce, "Ta huɗun fa? Wahalar da aka ba shi? Ko ita ba ta da amfani a wurinku?"

Ta yi murmushi ta ce, "Wannan kowa da ita yake zuwa, a haddace. Ba ta buƙatar mako guda."

Wai mai sha irin Baba labari ɗaya yake zama da shi, cewa an tafi an bar shi, ba wanda ya taɓa yi masa komai, giya kuma ita ke taya shi hirar. In ya zauna shiru ya tuna ƙananan abubuwa da suka faru da gaske, wa ya dafa, wa ya wanke, wa ya tsaya jiransa a bakin ruwa, sai labarin ya kasa tsayawa da ƙafarsa, fushin ya ragu, kwalbar ma ta rasa abokin hira. Haka ta ce, ni dai ina jin ta.

Da na faɗa mata abin da muke tsoro, ba ta yi dariya ba, wannan kam zan ba ta. Ta ce na yi daidai da na zo, domin akwai wanda nauyin abin da ya tuna ke danne shi, shi ya sa take ganin Baba a kai a kai. Ta ce ta tambaye shi kai tsaye, ba ta ga abin da nake tsoro ba, kuma za ta sake tambaya. Sannan ta ce, "Amma ke 'yarsa ce. Ki tambaye shi da bakinki."

Ka ji fa! A gidanmu da ko "kana jin yunwa?" ba a tambaya, sai dai a ajiye kwano. Kuma ita ta tura shi can, me kake so ta ce?

Ga abin da ban gaya mata ba. Na lura godiyar nan tana da tsari. Ya fara da na nesa, mai awara, mai kawo wasiƙa, direban bas. Ya dawo kan maƙwabta. Makon jiya ya kira Gwaggo Sumie. Yana matsowa ne, Yaya, kamar mai shara da ya taho daga ƙuryar ɗaki zuwa ƙofa. Saura kai, saura ni. In ya gama da mu, me ya rage masa?

Shi ya sa ba na barinsa ya fara. In ya ajiye kofi ya ce, "Toki," da wata irin murya, sai in tashi in buɗe famfo da ƙarfi, ko in ce na bar tukunya a kan wuta a gida. Tun ina yarinya nake jiran mutumin nan ya ce mini na gode ko sau ɗaya, yau ga ni ina gudunta. Abin yana ci mini rai.

Ka gaida Mineko.

Tokiko

*

Nichinan, 21 ga Maris

Yaya,

Ka yi haƙuri, gaisuwar yau gajera ce. Baba yana nan da ransa. Na fara da wannan don kada ka yi irin abin da na yi.

Jiya da hantsi na kai masa shinkafa da kabeji mai tsami. Gida ba kowa. Turare na ci a gaban hoton Inna, ɗaki a share tsaf, kwat ɗinsa baƙa ba ta kan maratayi. Na shiga mota na bi hanyar bakin ruwa a hankali. A kan katangar teku, daidai inda duwatsu suka fara, na gan su. Takalmansa na fata, a jere, safa a naɗe a ciki, kwat a ninke a gefe.

Ban san yadda na isa ofishin ƙungiyar masunta ba. An ce ihu nake yi, takalmin a rungume a ƙirjina. Nan da nan aka kunna lasifikar ƙauye, 'yan kwana-kwana na sa-kai suka fito, jirage suka tashi, Iya Kuroki ta rufe shago ta zo tana kuka da rigar aiki a jikinta. Ba wanda ya tambaye ni komai. Kowa ya ga takalmin ya gane.

Yasuo ne ya zagaya bayan manyan duwatsun. Sai muka ji muryarsa: "Ihei! Kai ɗan banzan tsoho! Ƙauye kaf na nemanka a ƙasan teku!"

Sai ga Baba ya leƙo, wando a naɗe har gwiwa, hularsa cike da koren ganyen teku. Ya ce, "Me zan yi a ƙasan teku? Ganyen a kan dutse yake. Wa ya mutu ne ake ta wannan hayaniya?"

Yasuo ya ce, "Kai mana! Har na fara tunanin wa zai gaji wurin ɗaure jirginka."

Wai ya je gaida limamin haikali ne, shi ya sa ya sa kwat. A hanyar dawowa ya ga ruwa ya janye, ganyen nan da Inna ke tsinka a irin wannan lokaci ya rufe duwatsu, ya ce bari ya ɗebi na miya. Bai so ya jiƙa takalmin da ta saya masa na bikina. Mutane suka watse, masu dariya na yi, masu tsaki na yi. Shi kuwa ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana rusunawa yana ba da haƙuri, ba takalmi a ƙafarsa domin na ƙi sakin su.

A gida na kasa daurewa. Na ce, "Baba, in za ka cire takalmi ka cire mana! Dole sai ka jera su? Ba ka san abin da mutane za su ɗauka ba?"

Ya ce, "To wa zai jera mini?"

Yana wanke ganyen ya ce, bai juyo ba, "Tun da na auri uwarku nake wurgi da takalmi da yamma, in same su da safe a jere suna kallon ƙofa. Ban taɓa tambayar kaina ko ƙafa gare su ba. Sai da na zauna a bayan shingen takardar nan na gan ta. Ta sunkuya, hannunta a jiƙe daga wanke-wanke, tana juya su. Na nemi abin da na mayar mata, na yini ina nema."

Yaya, ni ma a gidan nan na girma, ni ma ban taɓa tambaya ba. Kai fa?

Ya yi miyar miso, daddawar waken suyan nan, da ganyen, gishiri ya yi yawa, muka sha. Da ya ajiye kwano ya ce, "Toki, ke ma ai..." sai na miƙe na ce surukata na jira in kai ta wurin likitan haƙori.

Ban san me zan ce maka ba. Labarin ya yi kyau, har ya yi kyau da yawa. Da muka bar wurin ruwa ya fara dawowa, kuma wanda ya tsufa a teku ya san lokacin dawowar ruwa fiye da sunan 'ya'yansa. Ganye ya je tsinka, ko kuwa mun riga shi ne? Na kwana ina juya wannan.

Taka,
Tokiko

*

Sakai, 25 ga Maris

Zuwa ga Tokiko,

Bayan gaisuwa, na sami wasiƙarki. Sannu da abin da kika gani.

Baba ya kira ni a waya jiya da rana, a wurin aiki. Bai taɓa kirana ba tun da na bar gida. Ya ce ya gode da kifin da nake taya shi saukewa da asuba kafin in tafi makaranta, ya ce ya san hannuwana suna tsagewa don sanyi, yana gani, bai ce komai ba. Na ajiye wayar. Na fita wurin ajiye motoci na daɗe a tsaye.

Ke kaɗai kika rage yanzu.

Ɗakin ya samu. Zan iso ranar Asabar in tafi da shi. Ki haɗa masa kaya a ɓoye, za mu ce masa duba lafiya ne a babban asibiti. Kafin nan kada ki zauna da shi ku biyu.

Game da tambayarki, a'a. Ni ma ban taɓa tambaya ba.

Yayanki,
Shigeharu

*

Gida, 27 ga Maris

Toki,

Furanni sun fara buɗewa a bayan haikali. Ina fata kina lafiya, ke da mijinki da tsohuwarsa.

Na rubuta ne don in na buɗe baki sai ki buɗe famfo.

Na ga akwatin da kika ɓoye a bayan barguna. Kin sa rigunan sanyi, kin manta da tabarau. Na kira yayanki na ce ya mayar wa mutane ɗakinsu, in yana son ganina ya zo hutun bazara da yara. Na ce in bai yarda da ni ba ya kira Malama Nagatomo, na ba ta izini ta faɗa masa komai.

Tambayar da kika kasa yi mini, ga amsarta. A'a. Bara da damina, lokacin da nake sha, na yi wannan tunanin, ba kuma wanda ya lura, domin takalmana a warwatse suke. Yanzu babu shi. In ya dawo zan faɗa, na yi wa Malama alkawari, ke ma na yi miki.

Allurorin na ba Yasuo ne don idona ba ya ganin zare. Shi zai riƙa ɗinke mini koma, ni in riƙa ba shi kifi. Ɗinkinsa ba kyau, amma kada ki gaya masa.

A bayan shingen nan na yi yini guda a kanki. Abin da zan faɗa miki yana da yawa. Amma na ga kina tsoronsa, to ki kwantar da hankalinki, ba zan faɗa ba. Mutum yakan yi godiya in an gama ba shi, ni kuwa ban gama karɓa daga hannunki ba, kuma ba na shirin gamawa.

Shinkafa ta kusa ƙarewa. Ki zo ranar Alhamis, ki taho da makullin da ya faɗa ruwa, kifi ya fara shigowa. Za ki tarar da takalmi a jere a bakin ƙofa. Ki cire naki ki ajiye kusa da su, ina ciki.

Ubanki,
Ihei